Ciwon da Hantsi Ke Kora

Tarwaɗa ba a sa ta a banda sai an naɗe ta. A kama kai da hagu, a lanƙwaso wutsiya da dama har ta taɓa baki, a soke da tsinke, ta koma kamar awarwaro. Duk tungar masuntan nan ta bakin ruwa, kudu da Yelwa, babu wadda ta kai Asibi matar Mainasara iya wannan naɗi. Dillalan kasuwa kan gane kifinta daga nesa, don duk girmansu ɗaya, kamar tare aka haife su a naɗe. Mainasara shi ke kamowa, uwarsa Inna Dudu ita ke tsare wuta, amma kowa a gidan ya san yatsun Asibi ake ci.

Shekarar da ta haifi Yasira ruwa ya ja baya da wuri, kifi ya yi ta faɗowa kamar ana koro shi. Ba ta cika arba'in ba Inna Dudu ta ce jego ya isa haka, aka sauke tukunyar wanka aka ɗora daron kifi.

Wata safiya Asibi ta farka ta ji hannuwanta kamar na aro. Ta ce su dunƙule, suka ƙi. Ta ce su buɗe, suka ƙi. Gaɓoɓin tsakiyar yatsu sun kumbura, da ɗumi, kuma abin mamaki, yatsan da ya kumbura a dama ɗan'uwansa ne ya kumbura a hagu, kamar sun yi shawara. Ta je gaban daro ta ɗauki tsinke, ya faɗi. Ta sake ɗauka, ya faɗi. Tarwaɗa ta sulluɓe mata ta shiga toka. Haka ta yi ta fama, kifi na jira, ƙuda na taruwa, har hantsi ya ɗaga. Da rana ta bugi bayanta, sai yatsun suka saki a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar tana iya tsinke ƙaya da farce.

Washegari ma haka. Jibi ma haka. Ciwon ya zama kamar baƙon da ke kwana a jikinta, da hantsi ya naɗe tabarmarsa ya fita.

Da ta faɗa wa surukarta, tsohuwar ta yi dariya har ta dafa gwiwa. Ita ma tana da nata ciwon gaɓɓan, gwiwoyinta na ƙara kamar tsohuwar ƙofa in za ta tashi, don haka a ganinta ba mai koya mata wannan karatu.

"Ke ɗiyar nan, ni za ki gaya ma sanyin ƙashi? Ga shi nan ga gwiwoyina tun ba ki zo gidanga ba. Sanyi bayan aiki shika kamu, da marece, in an zauna shi lahwa. Amma ciwon da ka zuwa kahin aiki, shi tahi in aiki ya ƙare, mu can garinmu ƙiwa muka ce mai."

Daga ranar ciwon ya sami suna a gidan. In aka ga Asibi ta sa hannuwa a hammata tana jiran rana, sai Inna Dudu ta ce wa maƙwabta baƙon safe ya iso, a bar shi ya karya kumallo. Mata su yi dariya. Ba mugunta ba ce ta sa su dariyar. Su dai da yamma suke ganinta, tana shara, tana tuƙi, lafiya lau.

Abin da ya fi damun Asibi ba tsinke ba ne, ƙullin goyo ne. Zani a soke shi ake yi, wannan tana iyawa da tafin hannu. Amma majanyi sai an ƙulla, an ja da ƙarfi. Da safe sai ta kama baki ɗaya da haƙori, ta danne ɗayan da wuyan hannu, ta ja da kai kamar akuya na jan igiya. Yasira na bayanta tana ɓangala dariya, ita a wurinta wasa ne. Kowace safiya Asibi kan yi tafiya a duƙe, tana sauraron ƙullin nan da duk jikinta.

Ranar rigakafi ta kai yarinyar ɗakin shan magani na ƙauyen gaba. Da sassafe ne, don haka baƙon bai tafi ba. Malama Esther, mai duba yara, ta lura da yadda ta kwance goyon da haƙori. Ta ajiye allura, ta kama hannuwan ta matsa gaɓoɓin a hankali. Asibi ta cije leɓe. Malamar ta tambaye ta ko da safe ya fi tsanani, ko yana daɗewa kafin ya saki, ko hannu biyun ne, ko tana jin gajiya da ɗan zazzaɓi. Asibi ta yi ta cewa e, tana kallon matar kamar mai duba, don ba wanda ya taɓa faɗa mata ciwonta kafin ta faɗa.

Malama Esther ta ce amosanin gaɓɓai ba iri ɗaya ba ne, suna ne kawai ya haɗa su. Akwai na tsufa da wahala, inda guringuntsin gaɓa ke cinyewa, shi ne mai kama gwiwa da ƙugu, aiki ya tayar da shi, hutu ya kwantar. Akwai mai faɗa wa babban yatsan ƙafa farat ɗaya kamar harbin kunama, ya fi son maza. Na Asibi kuwa, ga alama, wanda jiki ke yaƙar kansa ne, garkuwar da aka yi don ta tsare mutum ta juya tana cin gaɓoɓinsa. Ya fi kama mata, yakan taso bayan haihuwa, kuma kwanciya ce ke sandarar da shi, motsi ya sake shi.

"Ba ni da maganinsa a nan. Ki ce wa maigidanki ya kai ki babban asibiti, a gwada jini, a ɗau hoton hannun. Akwai maganin da ke tsayar da shi in an kama da wuri. Amma gaɓar da ya riga ya lanƙwasa ba ta miƙewa. Kin ji ni? Kada a jira."

Asibi ta dawo gida da saƙon nan a baki kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta jira Mainasara ya ci abinci, ya sha ruwa, sannan ta durƙusa ta faɗa. Shi ba mutum ne mai faɗa ba. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma yana alfahari da haka. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce za a je. Sai dai asibiti da safe ake zuwa a kama layi, da safe kuma kifi ke fitowa daga jirgi, kifi kuwa ba ya jiran likita. A bari ruwa ya dawo. Daga bayan zana Inna Dudu ta ƙara da cewa in ma ciwon gaske ne, to yarinya ce ta yi wasa da wankan jego sanyi ya shige ta. Ba wanda ya tuna wa tsohuwar wa ya sauke tukunyar.

Ranar kasuwar Yelwa Mainasara ya dawo da ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, farare ƙanana da wasu masu launi biyu, ba kwali, ba suna. Wani mai talla a bakin jiragen ruwa ya ce masa haɗin ciwon jiki ne, masu dako ma shi suke sha. Asibi ta sha. Da asuba ta farka ta dunƙule hannu, ya dunƙulu. Ta ƙulla majanyi da yatsunta, ta ja har Yasira ta yi ƙara, ta zauna ta yi kuka don murna. Ranar ta naɗe kifi kamar da. Mainasara ya ce wa uwarsa ga asibiti nan ya zo har gida.

Ƙwayar ta zo da nata abin mamakin. Hannuwa da ƙafafu suna ramewa, fuska tana cika. Kumatun Asibi suka yi ɓul-ɓul, suka yi sheƙi, fuskar ta zama da'ira kamar faifai. In ta leƙa randa sai ta ga wata matar mai kuɗi tana kallonta daga cikin ruwa. Mata suka fara cewa Mainasara ya iya kiwo.

Asibi na da ƙane ɗaya, Cindo, wanda aka haifa da ɗan ƙaramin yatsa na shida a hannun hagu, uwarsu ta hana a cire. Yana can wajen Wara yana noma, yakan shigo jirgin kasuwa ya biyo ta tungar. Jirgin nan kuwa ba ya isowa sai rana ta karkata. Da ya zo, ta ja shi gefe ta fara gaya masa zancen Malama Esther. Mainasara ya ji, ya leƙo yana dariya, don tsakaninsa da ƙanin mata sai wasa.

"Mai shida, dubi yayarka da kyau. Ka taɓa ganin marar lahiya da kumatu haka? In yatsu ta rasa, ara mata na banzan nan naka."

Cindo ya rama, ya ce ai ko na banzan ya fi ƙarfin mai gidan da tarwaɗa ke tsere ma. Aka yi dariya. Ya dubi yayarsa, ga fuska cike, ga ta tana miƙa masa fura da hannu ɗaya. Ya ce Yaya, alhamdu lillahi ai kin warke. Ya koma jirgi da kifi a leda, ya je ya shaida wa dangi Asibi na cikin daula.

Ruwa ya dawo, ba a je asibiti ba, don lokacin gyaran taru ne. Aka gama gyaran taru, sai shuka. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, aka koma biyu, daga baya ma biyun sai su rage ciwon su bar sandarewar. Cikinta ya fara zafi kamar ta haɗiyi garwashi. Ciwon da ƙwayar ta rufe wa baki bai daina cin abincinsa ba. Ya haura wuyan hannu, ya sauka tafin ƙafa, in ta taka ƙasa da safe sai ta ji kamar tsakuwa aka zuba mata cikin fata.

Ran da abin ya faru, ta ƙulla majanyi da haƙori kamar yadda ta koma yi. Ta duƙa za ta jawo daro kusa da banda, sai ta ji bayanta ya yi sauƙi. Yasira ta sulale. Asibi ta juya ta kai hannu, hannun ya isa, ya taɓa rigar yarinyar, ya ƙi rufewa. Allah ya sa kan tarin toka mai sanyi ta faɗa, taki kaɗan daga bakin wuta. Ba ta ji ciwo ba sai tsoro. Inna Dudu ta ɗauke ta tana salati, ta kaɗe mata toka, ta goya ta a bayanta, ba ta sake saukewa ba.

Da yamma aka yanke magana. Tsohuwa ta ce uwar da ke yar da ɗiya a bakin wuta ba a bar mata ɗiya. Za a yaye ta, ta koma ɗakin kaka, kamar yadda aka saba. Asibi ta ce yarinyar ko tsayuwa ba ta fara ba. Mainasara ya ce don lafiyar ɗiyar ne, kuma ita ma za ta huta, hannunta ya samu sarari. Sararin da hannun ya samu, daro na biyu aka ajiye a cikinsa.

Ɗakin Inna Dudu zana ɗaya ce ta raba shi da banda. Asibi na naɗin kifi tana jin kukan 'yarta, nono na zuba yana jiƙa mata riga. In ta tashi za ta leƙa, sai a ce kada ta nuna fuska, yaye zai lalace. Kukan ya yi kwanaki, ya ragu, ya daina. Daina kukan ya fi kukan ciwo. Wata rana ta ji wata 'yar murya a bayan zana ta ce Inna, ta ɗaga kai da sauri, sai ta ji tsohuwar ta amsa.

Yatsun suka fara karkata, duka suna kallon wajen ƙaramin yatsa, kamar ciyawar bakin ruwa in iska ta kwantar da ita. Wasu suka lanƙwashe a tsaka, suka ƙi komawa. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a wuyan hannu, ya ce mataccen jini ne. Wata tsohuwa ta ce Asibi ce ta zubar da ruwan zafi a bakin gulbi ta ƙona 'ya'yan aljanun ruwa. Kowa na da bayani, kuma kowane bayani ya ƙare a kan laifin Asibi. Naɗinta ya lalace. Dillalai suka fara tambaya ko Mainasara ya sake mata ne.

Iska ce ta tona gidan. Wata ranar kasuwa hadari ya taso kan ruwa, masu jirgi suka ƙi tashi, dole Cindo ya kwana a zaure. Da gari ya waye ya shigo neman ruwan alwala, ya tarar da yayarsa zaune a ƙofar ɗaki. Ta matse buta tsakanin wuyan hannuwanta biyu, tana son karkata ta, ruwan na zuba a cinyarta. Ta yi ta yi. Daga ƙarshe ta ajiye, ta duƙa, ta kama bakin butar da haƙori. Ga fuskar nan cike kamar ta amarya, ga hannuwa a kan cinya a naɗe, irin naɗin da ta yi shekaru tana yi wa tarwaɗa.

 Cindo ya zo ya durƙusa, ya karɓi butar, ya zuba mata. Yana wanke mata yatsun yana kuka.

"Yaya, tun yaushe?"

"Kullum sahe. Kai dai da marece kaka zuwa."

Da Mainasara ya dawo daga ruwa ya fara wasan da ya saba, Cindo ya katse shi. Ya ce yau zai tafi da ita asibiti, ko da izini ko babu. Mainasara ya ce ai dama niyyarsa ke nan, jiya ma ya yi zancen a zuci. Inna Dudu ta ce a je, amma ɗiya ba ta zuwa ko'ina, kuma wa zai naɗe na yau?

A babban asibiti aka ɗebi jini, aka ɗau hoton hannuwa. Likita ya ɗaga hoton ga haske, Asibi ta ga ƙasusuwanta farare, bakin kowace gaɓa a gaigaye kamar ɓera ya bi ta kai. Ya ce abin da Malama Esther ta zata shi ne. Ya dubi ƙwayoyin leda ya girgiza kai, ya ce irinsu likita kan bayar kaɗan, na ɗan lokaci, kafin maganin gaske ya kama. Su suka kumbura mata fuska, suka ci mata ciki, kuma yanzu ba a yanke su farat ɗaya, sai a hankali. Ya ɗora ta a kan maganin da ke tsayar da ciwon, wanda sai ana dawowa ana duba jini. Ya nuna mata motsin da za ta riƙa yi wa yatsu cikin ruwan ɗumi. Ta saurara duka, sannan ta yi tambayar da ta kawo ta, ko za ta iya ƙulla majanyi.  Likitan ya ce za a yi ƙoƙari a tsare gwiwar hannu da kafaɗa da ƙafafu. Ya ce da an zo bara.

Ta yi watanni a wajen Cindo tana zuwa asibiti. Zafin ya lafa. Kumatun aro suka saɓe, fuskarta ta gaskiya ta dawo, ramammiya. Dangi suka ce ta zauna, kada ta koma. Ta ce 'yarta na can.

Ta tarar da gidan ya gyara labarinsa tsaf. Mainasara na gaya wa mutane shi ya fara saya mata magani tun ba wanda ya yarda tana ciwo. Inna Dudu na cewa yarinya ce mai zurfin ciki, da ta faɗa da an kai ta tun da wuri. Maƙwabta na cewa ƙaddara. An ɗauko wata mata tana naɗin kifi ana biyanta, kuma ita in ta ce kanta na ciwo sai a ce ta je ta kwanta, don kada ta ƙi dawowa gobe. Yanzu kowa ya yarda Asibi ba ta da lafiya. Sai da ciwon ya daina tafiya da hantsi, ya zauna a fili safe da yamma inda ido zai gan shi, sannan aka ba shi gaskiya. A gidan nan ba wanda ya doke ta, ba wanda ya hana ta tuwo. An dai yi ta ce mata a bari sai gobe, ana miƙo mata daro, har hannun ya ƙare.

Yasira na tsakar gida tana tafiya da ƙafafunta, tana jan gwangwani da zare. Asibi ta durƙusa, ta kira sunanta, ta miƙa hannuwa biyu. Yarinyar ta dubi hannuwan. Ta saki zaren, ta ƙwalla ƙara, ta ruga ta ɓuya a bayan gwiwoyin Inna Dudu. Tsohuwa ta ce a yi haƙuri, yaro ne, tsoron ƙaguwa take yi tun ran da ɗaya ta kama ta a bakin ruwa.

Asibi ba ta tashi ba. Ta janye hannuwan a hankali, ta kai su baya, ta cusa su cikin zani. Ta zauna haka a ƙasa, kamar wadda aka ɗaure, tana yin 'yar waƙar da takan yi mata a goye. Yarinyar ta leƙo. Ta fito taki ɗaya, ta tsaya, ta duba ko abin nan ya tafi. Ta matso. Ta taɓa hancin matar, ta taɓa leɓenta, ta shinshina wuyanta, wani abu ya faɗo mata wanda ba ta da sunansa. Sai ta juya ta zauna a cinyarta, ta jingina kai a ƙirjinta.

Duk jikin Asibi ya ce ta rungume ta. Hannuwan suka motsa a bayanta, ta danne su. Ta sunkuyar da kai, ta ɗora haɓa a kan gashin 'yarta, ta riƙe ta da haɓar.